Yadda Za Ka Haɗa Lasifika da Fitilun Haya Ba Tare da Wani Ya Ji Rauni Ba

Kayan sauti da fitilun da ka karɓo haya sun kwana a wuraren da ba ka sani ba. Jiya wani ya ja wayarsu a kan tsakuwa, shekaranjiya ruwa ya ɗan taɓa su, wani kuma ya karya ƙafar filogi don ta shiga soket ɗinsa. Mai shirya taro hankalinsa na kan sauti ya fita tangaran, fitila ta haska mai jawabi, amma ba nan ake jin rauni ba. Abu biyu ne ke kai mutane asibiti a irin wannan aiki: wutar lantarki, da nauyin da aka ɗaga sama da kawunan jama'a. Shi ya sa aikin ba ya farawa da jona waya, yana farawa ne da takarda da biro, kwana biyu ko uku kafin a ɗauko kaya.

Fara da lissafin wuta

Je wurin taron da ƙafarka, ka nemi mai kula da shi ya nuna maka akwatin bireka. Abin da kake son sani shi ne wane bireka ke riƙe da waɗanne soket, domin soket huɗu a bango ɗaya sau da yawa layi ɗaya ne, yawansu bai ƙara maka wuta ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Kashe bireka ɗaya, ka zagaya da cajar waya kana sokawa, duk soket ɗin da ya mutu na wannan layin ne. Liƙa masa ɗan gam ka rubuta lamba, ka koma ka kashe na gaba.

Lissafin kansa ba ya buƙatar injiniya: bolt sau amfiya shi ne wat. Inda wutar gida take bolt 230, filogi mai fis na amfiya 13 yana ɗaukar kusan wat 3,000, babban soket shuɗi na amfiya 16 kuma wat 3,680. A ƙasashen da ke amfani da bolt 120, irin su Amurka, layin amfiya 15 wat 1,800 kawai yake bayarwa. Kada ka cika layi maƙil. Tsaya a kashi 80 cikin ɗari, wato wajen wat 2,400 a filogin amfiya 13, saboda taro awanni yake ɗauka, waya kuma tana ƙara zafi ne a hankali.

Sai ka tambayi mai haya abin da kowace na'ura ke ci. A nan mutane ke ruɗewa. Wannan babbar lambar da aka rubuta a gaban lasifika, 2000W ko makamancinta, talla ce ta ƙololuwar ƙarfin sautinta, ba wutar da take sha ba. Lambar da ta dame ka tana baya, kusa da inda wayar wuta ke shiga. A ce, misali, kana da lasifika biyu masu cin wat 400 kowace, lasifikar bes (masu fitar da sauti mai kauri) biyu masu cin 700 kowace, miksa (na'urar haɗa sauti) 50, kwamfuta 90, da fitilun LED takwas masu cin 60 kowace. Jimla 2,820 ke nan, ka riga ka wuce abin da ya kamata filogi ɗaya ya ɗauka, alhali ba a kawo injin hayaƙi ba, wanda shi kaɗai yakan ci wat 1,000 ko fiye saboda hita ce a cikinsa. Idan kuwa tsofaffin fitilun nan masu kwai ne aka ba ka, irin PAR 64, kowace wat 1,000 take ci, uku sun gama da soket. Idan da zaɓi, nemi LED, ka huta da zafi da lissafi.

Raba kayan gida biyu: duk kayan sauti a layi ɗaya, fitilu da injin hayaƙi a wani. Firji, na'urar sanyaya ɗaki da duk wani abu mai hita su nemi layinsu dabam, in ba haka ba duk lokacin da firjin ya tashi za ka ji shi a lasifika.

Idan janareta za a yi amfani da shi, lambar kVA da ke jikinsa ba wat ba ce. Ninka ta da 0.8, mai kVA 5 wajen wat 4,000 yake bayarwa, kuma kada ka ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu na hakan, saboda bugun bes yana fizgar wuta farat ɗaya. Nemi mai daidaita ƙarfin wuta, wanda aka rubuta AVR a jikinsa, ko irin na inbata. A ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa ko taga, bakin salansa yana kallon nesa da mutane. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri ne farkon alamarta. Batun haɗa janareta da ƙasa, ko jona kaya kai tsaye a akwatin bireka, aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, ba na wanda ya “ɗan iya” ba.

A wurin mai haya

Kada ka yarda a loda maka kaya a rufe. Ka ce, “Malam, don Allah a kunna mini su ɗaya bayan ɗaya in ji.” Mai kaya na kirki ba ya jin haushin wannan, don shi ma kariya ce gare shi. Saurari kowace lasifika ita kaɗai, a hankali sannan da ɗan ƙarfi. Idan tana kakari kamar takarda ta maƙale a ciki, a canza ta.

Wayoyi su ne abin da ya fi cancantar lokacinka. Kama kowace wayar wuta ka zare ta cikin tafin hannunka daga kai zuwa kai, ba a jone ba. Yatsa yana jin abin da ido bai gani ba: wurin da ta kumbura, wurin da ta lotse, wurin da aka naɗe da baƙin gam. Duba inda waya ke shiga filogi, idan kana hango ƙananan wayoyin ciki masu launi, ajiye ta. Ƙafar filogi da ta yi baƙi ko robar da ta narke a gefenta alama ce ta taɓa yin zafi, kuma za ta sake.

Ƙirga ƙananan abubuwa, don su ake mantawa: fil ɗin ƙarfe na kowace sanda mai ƙafa uku, maƙalin kowace fitila, igiyar ƙarfe ta tsaro ɗaya ga kowace fitila, wayar makirufo biyu na ko-ta-kwana, sabbin batura. Ɗauki hoton duk wani tabo, a rubuta komai a takardar haya, ka karɓi lambar wanda zai ɗaga waya da dare idan wani abu ya ƙi tashi.

Shimfiɗa wayar wuta

A wurin taro, wayar wuta ake fara shimfiɗawa, ba a jone ba. Abu na farko da zai shiga soket shi ne na'urar RCD mai miliamfiya 30, idan akwatin wurin ba shi da ita. Bireka na yau da kullum waya yake karewa daga ƙonewa. RCD ce ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum. Akwai maɓallin TEST a kanta, danna shi. Idan wuta ba ta ɗauke nan take ba, ba ka da kariya.

Wayar ƙari mai naɗewa a ganga, warware ta gaba ɗaya ko da mita uku kake buƙata. A naɗe zafi ba ya samun hanyar fita, kuma idan ka duba jikin gangar za ka ga lamba biyu, ta naɗe takan gaza rabin ta warware. Kada ka jona ƙari a kan ƙari a kan ƙari. Idan nisan yana da yawa, nemi waya guda mai kauri, irin milimita 2.5, domin siririyar waya mai tsawo tana zubar da ƙarfin wuta a hanya, amfilifaya kuma ta yi ta ɗaukewa ba ka san dalili ba.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya. Wani lokaci da an kunna kaya sai a ji lasifika tana wani gurnani mara yankewa, sai wani gwani ya ce a cire wayar ƙasa, ita ce mai launin kore da rawaya, gurnanin zai tafi. Gaskiya ne yakan tafi. Amma wannan wayar ita ce hanyar da wuta ke bi ta tsere idan wani abu ya lalace a cikin na'ura. Ka cire ta, hanyar da ta rage ita ce jikin miksa, wayar makirufo, da leɓen mai magana. A shekarar 1972, a birnin Swansea na Birtaniya, makaɗin jita Les Harvey ya mutu a kan dandamali a gaban jama'a bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa yadda ya kamata ba. Maganin gurnani na gaskiya shi ne a ɗauki wutar duk kayan sauti daga wuri ɗaya, a nisanta wayar sauti da ta wuta, a yi amfani da wayar XLR mai ƙafa uku a duk tafiya mai nisa. Idan kwamfuta ce ke kawo shi, a sa ƙaramin akwatin daidaita sauti da ake kira DI tsakaninta da miksa a danna maɓallin GROUND LIFT da ke jikinsa. Shi wannan maɓallin, wayar ƙasa ta layin sauti kawai yake rabawa, bai taɓa ta wuta ba.

Bi da wayoyi ta jikin bango. Inda dole su tsallaka hanya, ko dai ka ɗaga su ta saman ƙofa, ko ka rufe su da murfin roba na musamman, ko ka manne su da gam mai faɗi a tsawonsu duka. Kada wayar wuta ta shiga ƙarƙashin kafet, can ba mai ganin ta yi zafi, kuma ƙafar kujera na iya huda ta. Inda wayar sauti za ta haɗu da ta wuta, su gitta juna, kada su jera. Ƙofar fita ta gaggawa kuma ba wurin ajiye akwati ba ce ko na minti biyar.

Idan a fili ne, duba lambar IP a jikin kaya, wadda ke nuna yadda suke jure ruwa da ƙura. IP20 na cikin ɗaki ne kawai, IP44 yana jure fantsamar ruwa, IP65 shi ne na waje sosai. Duk mahaɗar waya a ɗaga ta daga ƙasa a rufe ta. Raɓar dare ma ruwa ce.

Tsayar da lasifika

Buɗe ƙafafun sanda sosai a kan ƙasa mai daidai, mutum biyu su ɗora lasifika, sannan a ɗaga. Fil ɗin ƙarfen nan shi ke ɗaukar nauyi, sukurun da ake murɗawa hana girgiza kawai yake yi, don haka sandar da ba ta da fil ba a ɗaga ta. Lasifika ta ɗan wuce kan mai tsaye, don kada na gaba su kurmance na baya ba su ji ba. A danne ƙafafun da buhun yashi, a sa su inda ba a bi, musamman idan da yara. Lasifikar bes tana ƙasa.

Manyan lasifika su kasance gaba da makirufo, suna kallon jama'a. Wannan kaɗai ya kashe rabin matsalar kukan lasifika. Idan irin waɗanda amfilifayarsu ke waje ne, lura da lambar om, wato ma'aunin tirjiyar da lasifika ke yi wa wutar amfilifaya: biyu masu om 8 a layi ɗaya sun zama 4, uku sun sauka ƙasa da 3, kuma yawancin amfilifaya ba sa son ƙasa da 4. An rubuta iyakarta a bayanta.

Abin da ke sama da kai

Kowace fitila da aka rataya tana buƙatar riƙo biyu: maƙalinta, da igiyar ƙarfe da aka zagaya ta jikin fitilar da jikin ƙarfen da ta rataya a kai. Idan maƙali ya kwance, igiyar ce za ta tare ta. Igiyar roba, zare, ko abin ɗaure waya na filastik ba sa maye gurbinta. A bar igiyar gajera, don fitilar da ta faɗo rabin mita kafin igiya ta kama ta tana fizga da ƙarfin da ya ninka nauyinta.

Kowace sanda da kowane firam na ƙarfe yana da iyakar nauyi a rubuce, SWL ko WLL. Haɗa nauyin fitilu da na wayoyi ka tsaya ƙasa da shi. A sandar da ke da hannu biyu, daidaita nauyi dama da hagu, ka ɗaura komai tun tana ƙasa, ka gwada, sannan a ɗaga. Kada ka rataya komai a silin, bututun ruwa ko ƙarfen labule don kawai ya yi maka kama da mai ƙarfi. Duk ratayen da ya wuce sanda mai ƙafa uku, mai haya ya turo ma'aikacinsa. Idan an hau tsani, wani ya riƙe, kada kowa ya tsaya a ƙasa, kuma a fitar da komai daga aljihun riga. Sifana da ta faɗo daga mita huɗu ta isa ta fasa kai.

A fili, iska ce abokiyar gaba. Ƙyallen talla ko labulen da aka ɗaure a jikin sanda yana tara iska ya ja ta ƙasa. A watan Agusta na 2011 guguwa ta rushe rufin dandamali a bikin baje kolin jihar Indiana ta Amurka, mutum bakwai suka rasu, kuma wannan aikin manyan kamfanoni ne, ba sanda biyu na haya ba. Ku yanke tun da rana wa ke da ikon cewa a sauke kaya, kuma idan ya faɗa ba a jayayya.

Fitila mai kwai tana zafin da zai kunna yadi, a nisanta ta da labule da kayan ado. LED ma tana da ramukan shan iska, kada a toshe su. Wasan wuta a cikin ɗaki kuwa, a bar shi kwata-kwata. Gobarar gidan rawa na The Station a jihar Rhode Island a 2003, wadda ta ci mutum 100, tartsatsin wasan wuta ne ya kama soson hana ƙara da ke jikin bango.

Wayar sarrafa fitilu, DMX, daga wannan fitila take shiga waccan, kada fitilun su wuce 32 a jere ɗaya, a toshe ta ƙarshe da ɗan filogin rufewa mai om 120. Idan fitilu suna ƙyaftawa da kansu, yawanci rashin wannan ne, ko an yi amfani da wayar makirufo a madadin ta DMX. Fitila mai walƙiya na iya tayar wa masu farfaɗiya ciwonsu, musamman tsakanin ƙyaftawa 3 zuwa 30 a daƙiƙa. A sanar da jama'a tun a ƙofa, ko a haƙura da ita. Hasken leza ba a saita shi a fuskar mutane. Kafin ka kunna injin hayaƙi, tambayi mai wurin ko zai tayar da ƙararrawar gobara, kuma amsar ba ita ce a rufe na'urar gano hayaƙin da leda ba.

Kunnawa da gwaji

Tsarin ba ya canzawa. Sauke duk murya ƙasa. Idan janareta ne, a tayar da shi ya daidaita kafin a jona masa komai. Kunna kwamfuta da akwatin makirufo mara waya, sai miksa, sai amfilifaya ko lasifika a ƙarshe. Wajen kashewa a juya: lasifika farko. Dalilin shi ne wannan “ɗum” da miksa ke yi idan ta tashi, wanda zai iya fasa lasifika. Haka nan kada a zare ko a soka waya muryar layinta a miksa tana buɗe, kuma maɓallin 48V, mai tura wa makirufo wuta daga miksa, sai ga makirufon da ke buƙatarsa, bayan an kashe muryar layin.

Sa mutum ya yi magana da ƙarfin da zai yi a taron, ba raɗa ba. Murɗa GAIN, maɓallin ƙarfin sautin da ke shiga miksa, a hankali har fitilun miksa su tsaya a kore suna ɗan taɓa rawaya. Ja alama ce ta sauti ya fara fashewa, kuma fasasshen sauti ya fi ƙona lasifika fiye da mai ƙarfi mai tsabta. Idan kuka ya tashi, sauke muryar layin, kashe makirufon da ba a amfani da su, a gaya wa mai magana ya matso da bakinsa kusa, kada ya dunƙule kan makirufo da hannu.

Zagaya ɗakin ka saurara. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara: kunne yana jure desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu, har ya zama minti 15 kacal a desibel 100. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 don wuraren nishaɗi ta sa iyaka a matsakaicin desibel 100. Manhajar awon ƙara ta waya ba cikakkiya ba ce, amma za ta ba ka haske. Idan sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji ka, rage. Kada a jera kujeru dab da lasifika. Duk ninkin nisa yana rage kusan desibel 6 a fili.

Sannan kunna komai a lokaci guda, sauti, fitilu, injin hayaƙi, ka bar su rabin awa. Zagaya kana taɓa filogi da bayan hannu. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma wanda ba ka iya riƙewa a rage masa kaya tun jama'a ba su zo ba.

Taro ya fara

Mutum ɗaya ya zauna wurin miksa, ya san inda ake kashe wuta gaba ɗaya, da tocila a hannunsa. Ba kofi ba gora a kan teburin kaya, ba mai soka cajarsa a layin sauti. Idan bireka ya faɗi, kada a yi ta mayar da shi; cire kaya, gano dalili, sannan a tayar. Ba a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi. Idan mai magana ya ce makirufo yana ɗan cizonsa a leɓe, a tsaya nan take, wuta ce ke yawo.

Idan wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi, kashe wutar tukuna, ko ka raba shi da ita da busasshen katako, a kira agajin gaggawa, kuma a kai shi asibiti ko ya ce ya warware, domin bugun zuciya na iya rikicewa daga baya. Gobarar lantarki ba a zuba mata ruwa, tukunyar kashe wuta ta CO2 ta kasance kusa da miksa. A fili, da an ji tsawa a kashe kaya a shige ciki, sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Kwancewa

An gaji, dare ya yi, masu son taimako sun yi yawa, a nan ake yawan fasa kaya da ƙafa. Bari jama'a su fita, a kunna fitilun ɗaki. Kashe lasifika, sai miksa, sai sauran, a zare wuta daga bango kafin a taɓa komai na sama. Fitilu masu kwai su huce minti goma zuwa sha biyar. Mutum biyu su sauke kowace sanda, ɗaya ya tallafi nauyi kafin ɗayan ya zare fil. Ana zare filogi ta kansa, ba ta waya ba, kuma ba a naɗe waya a gwiwar hannu, hakan ke karya ta daga ciki. A naɗe ta zobe-zobe yadda take son kwanciya. Cire batura, ƙirga komai da takardar haya. Duk wayar da ta yi zafi ko na'urar da ta ba da matsala, liƙa mata gam ka rubuta abin da ta yi, ka ware ta a saman akwati, ka gaya wa mai kaya da bakinka lokacin mayarwa.